Shekara 77 da aure: yadda Jimmy da Rosalynn Carter suka zauna

Ranar 28 ga Nuwamba 2023 aka turo Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, tsoho ɗan shekara 99, a keken marasa lafiya cikin wata majami'a a birnin Atlanta na jihar Jojiya. An lulluɓe masa ƙafafu da bargo mai ɗauke da hoton matarsa. Wata tara ke nan yana kwance a gida, tun da ya ce a daina kai shi asibiti, a bar shi ya jira lokacinsa a ɗakinsa. Amma da aka zo yi wa matarsa Rosalynn sujadar ban kwana, sai da aka ɗauko shi daga ƙauyen Plains, tafiyar sama da kilomita 200. Bai iya cewa uffan ba. 'Yar autarsu Amy ce ta miƙe ta karanta wata wasiƙar soyayya da ya rubuta wa mahaifiyarta shekara 75 kafin ranar, lokacin yana sojan ruwa.

Wannan hoton ne ya zagaya duniya, kowa na cewa ga auren da ya kamata a yi koyi da shi. Ban musa ba. Sai dai in aka tsaya a hoton kawai, za a ɗauka mutanen nan biyu sun dace ne tun ranar farko, suka yi ta shan zuma har tsufa. Ba haka labarin yake ba, kuma su da kansu ba su ɓoye ba. A shekarunsa na farko da aure, Jimmy Carter miji ne mai yanke hukunci shi kaɗai, sai dai matarsa ta ji daga baya. Yadda ya bar wannan hali, da rawar da bangaskiyarsu ta taka a ciki, shi ne abin dubawa.

Plains ƙauye ne na manoman gyaɗa da auduga, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Nan aka haifi Jimmy ranar 1 ga Oktoba 1924, nan kuma aka haifi Rosalynn Smith ranar 18 ga Agusta 1927. Mahaifiyar Jimmy, Lillian, ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin waɗanda suka karɓi haihuwar Rosalynn, har ta kai ɗanta mai shekara uku ya leƙa jaririyar maƙwabta. Mahaifin Rosalynn bakanike ne, sankarar jini ta kashe shi tana da shekara 13. Ita ce babba, don haka rainon ƙanne da taya uwa ɗinki suka hau kanta. Ƙawarta ta kut-da-kut ita ce Ruth, ƙanwar Jimmy, kuma ta hannunta aka shirya fitarsu ta farko a 1945, lokacin da ya zo hutu daga makarantar sojan ruwa ta Annapolis. Kallon fim suka je. Washegari ya gaya wa mahaifiyarsa ya ga wadda zai aura. Da ya furta, Rosalynn ta ce a'a, domin ta yi wa mahaifinta alkawarin gama karatu kafin aure. Bayan 'yan watanni ta amince, aka ɗaura aure ranar 7 ga Yuli 1946 a majami'ar Methodist ta Plains, cocin iyayenta. Shi yana da shekara 21, ita 18. Daga baya ta bi mijinta ikilisiyar Baftis.

Shekara bakwai suka yi suna yawon sansanonin sojan ruwa, har da Hawaii, suka haifi 'ya'ya maza uku: Jack, Chip da Jeff. Rosalynn ta ji daɗin wannan rayuwa ainun. Ta fita daga idon uwa da na suruka, mijinta yana teku, ita ke riƙe da gida da kuɗin cefane, ba mai ce mata ga yadda za ta yi.

Sai 1953 ta zo. Mahaifin Jimmy, Earl, ya rasu. Jimmy ya je gida jinya da jana'iza, ya ga yadda mutanen gari, fari da baƙi, suke tururuwa suna ambaton alherin tsohon, sai ya ƙudura zai ajiye kakin soja ya dawo ya riƙe harkar gyaɗar gidansu. Bai nemi shawarar matarsa ba. Sanar da ita kawai ya yi. Rosalynn ta yi kuka, ta yi faɗa, ya ƙi sauya magana. A doguwar tafiyar mota daga jihar New York zuwa Jojiya da ƙyar ta yi masa magana. In tana so a tsaya a hanya, sai ta ce wa ɗansu Jack ya gaya wa babansa. Duk macen da aka taɓa ɗauke ta daga gari aka mayar da ita gidan surukai ba da son ranta ba ta san irin wannan shirun.

Da suka iso, ba su da gidan kansu, sai suka shiga rukunin gidajen da gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi. Shekarar farko fari ya cinye amfanin gona, manoman da suka karɓi iri da taki bashi suka kasa biya, abin da harkar ta kawo bai kai dala 200 ba. Ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Wata rana ya roƙe ta ta zo ta zauna masa a ofis don ya samu ya zagaya wurin manoma. Daga amsa waya ta koma riƙe littafin lissafi, ta yi kwas ɗin akanta ta hanyar wasiƙa, har ta kai ta fi shi sanin inda riba take da inda ake asara. Ta fara ce masa wannan sashen a rufe shi, wancan a faɗaɗa, shi kuma ya ga maganarta tana fitowa daidai.

A ganina nan ne auren ya juya, a kan teburin lissafi a cikin siton gyaɗa. Wa'azi bai sauya Jimmy Carter a dare ɗaya ba. Ido ne ya gane masa cewa matar da ya ɗauko a mota tana kuka ta fi shi ganin wasu abubuwa. Kuma hali zanen dutse, bai tafi lokaci guda ba. A 1962, ranar da ya yanke shawarar neman kujerar majalisar dattawan jiha, Rosalynn ta shigo ɗaki ta tarar yana cire kayan aiki yana sa kwat. Ta tambaye shi ko wani ne ya rasu. A nan ta ji cewa mijinta ya shiga siyasa. Da ya tsufa ya sha faɗa cewa shi kansa ya kasa gane yadda ya aikata irin waɗannan abubuwa ba tare da ya tuntuɓe ta ba. Abin mamaki, siyasar da aka jefa ta ciki ba shawara ita ce ta fi shi ƙwarewa a kai, ta fi shi jin daɗin yawon neman ƙuri'a.

Bangaskiyarsu ta sha gwaji a cikin cocin da suke sujada. Kudancin Amurka a lokacin yana cikin wariyar launin fata, majami'un farare ba sa karɓar baƙar fata. Tun a shekarun 1950 Jimmy ya ƙi shiga ƙungiyar fararen gari masu kare wariya, har wasu suka ƙaurace wa sitonsa na ɗan lokaci. A 1965 ikilisiyar Baftis ta Plains, inda yake cikin masu hidima, ta kawo ƙudurin hana baƙar fata shiga sujada. Ya miƙe ya yi magana a kan kada a yi. Da aka ƙirga hannuwa, mutum shida kaɗai suka goyi bayansa, biyar daga cikinsu iyalin Carter ne, har da Rosalynn. A ƙauyen da kowa ya san kowa, inda masu zama kusa da kai a benci su ne masu sayen takinka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada dai a mayar da shi waliyyi. Ya nemi gwamna a 1966 ya faɗi, abin ya dame shi ƙwarai, kuma a wannan tsakanin ne ya ce ya sabunta miƙa kansa ga Yesu Almasihu, har ya riƙa zuwa jihohin arewa yana bishara ƙofa-ƙofa. Amma da ya sake tsayawa a 1970, ya yi kamfe mai lallashin masu ra'ayin wariya don ya samu ƙuri'unsu. Sai ranar rantsuwa a Janairun 1971 ya fito fili ya ce zamanin wariyar launin fata ya ƙare. Waɗanda suka zaɓe shi suka ji kamar an yaudare su, masu sukarsa kuma har gobe suna ambaton wancan kamfe. Tabo ne, kuma yana nan.

Shekarun fadar White House, 1977 zuwa 1981, an yi rubutu a kansu da yawa, ba sai na daɗe ba. Abin da ya shafi aurensu shi ne Rosalynn ta riƙa zama a taron majalisar ministoci tana rubuta abin da ake faɗa, suna da ranar cin abincin rana ta musamman duk mako don tattauna aiki, kuma a 1977 ya aike ta ƙasashe bakwai na Latin Amurka da yankin Karebiyan ta gana da shugabanninsu a madadinsa. Jaridu suka yi ta guna-guni cewa ba ita aka zaɓa ba. Ta ɗauki lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin aikinta, a zamanin da mutane ke ɓoye mai taɓin hankali a ɗaki, ta je gaban kwamitin majalisar dattawa a 1979 ta ba da bahasi, aka kafa doka a 1980. Tana Camp David, wurin hutun shugaban Amurka, a Satumbar 1978 lokacin da mijinta ya kwashe kwana 13 yana sasanta Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila. Sannan rikicin Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Iran kwana 444, da tsadar rayuwa, suka kayar da shi a hannun Ronald Reagan a 1980. Ita ce ta fi jin zafin kayen, ta kuma faɗa da bakinta cewa ɗacin da ta ji ya ishe su su biyu.

Suka koma Plains, gidan da suka gina a 1961, suka tarar harkar gyaɗar da suka bar wa amintattu ta ci bashin kusan dala miliyan ɗaya. Dole suka sayar. Yana da shekara 56, ita 53, ba aiki, yara maza sun watse. A nan ne fitinar da ta fi kowace girgiza auren ta taso, kuma ba a kan kuɗi ko mulki ba. Littafi suka ce za su rubuta tare, wanda ya fito a 1987. Shi mai saurin rubutu ne, ya zuba babi ya miƙa mata ta gyara yadda take so. Ita kuwa sai ta kwana a kan sakin layi ɗaya, in ta gama ba ta yarda a taɓa ko wasali. Ya taɓa yi mata ba'a cewa tana ɗaukar rubutunta kamar daga Dutsen Sinai aka sauko da shi. Abu ɗaya ya faru da su, amma kowa da yadda yake tuna shi, kuma kowa ya rantse nasa ne daidai. Suka kai ga daina magana a kan littafin, sai dai su bar wa juna saƙo mai zafi a kwamfuta. Har sun yi niyyar mayar da kuɗin da aka ba su na littafin, sai editan ya raba gardama: duk sakin layin da suka kasa daidaitawa a kai, a sa masa harafin farko na sunan mai shi. Mutanen da suka ga sulhun Masar da Isra'ila da idonsu, sai da wani ya shiga tsakaninsu a kan sakin layi. Ba su ƙara rubuta littafi tare ba.

Akwai kuma maganar lokaci. Horon soja ya sa Jimmy ba ya jure latti ko na minti biyu, ya yi shekaru yana tsaye bakin ƙofa yana duban agogo yana ɓata mata rai. Wata ranar zagayowar haihuwarta ya farka bai tanadi kyauta ba, sai ya ɗauki takarda ya rubuta mata alkawarin cewa ba zai ƙara yi mata ƙorafin latti ba. Ta ce ba ta taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba.

To me ya riƙe su? Duk lokacin da aka tambaye su, amsa biyu suke bayarwa. Ta farko, ba sa kwanciya da fushi, abin da ke cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 4 aya 26, inda aka ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Ta biyu, kowane dare suna karanta Littafi Mai Tsarki tare, da murya, wannan ya karanta yau, wancan gobe. Shekaru da dama da harshen Sifaniyanci suke karatun, don kada yaren da suka koya ya gudu. In tafiya ta raba su, kowa ya buɗe sura ɗaya a inda yake, wani lokaci ta waya. Na daɗe ina tunanin wannan al'ada, kuma ina ganin ƙarfinta yana cikin rashin ba da hutu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan kowa ya sani. Amma mutumin da ya san ƙarfe tara ko goma na dare zai zauna gefen gado ya karanta wa matarsa ayar gafara, da wuya ya iya riƙe gaba ta kwana uku. Dole ɗaya ya sauko kafin a buɗe littafin. Sun kuma ce suna ba juna sarari: kowa da ɗakin aikinsa da rana, sai la'asar su haɗu su yi tattaki ko su je kamun kifi.

Cocinsu na ƙarshe ita ce Maranatha, ƙaramar ikilisiyar Baftis da ta ɓalle daga tsohuwar cocin Plains a 1977, rikicin da maganar karɓar baƙar fata ke cikinsa. Suka shiga a 1981. Tsohon shugaban Amurka yana cikin jerin masu yanke ciyawar harabar coci in layinsa ya zo, matarsa tana cikin masu shara da wanke banɗaki. Da yake kafinta ne, shi ya sassaƙa gicciyen da ke gaban majami'ar da akusan katako da ake karɓar baiko da su. Rosalynn ma an naɗa ta mai hidima. Ya koyar a makarantar Lahadi kusan shekara 40 a wurin, baƙi na kwana a mota a harabar don su samu wurin zama, Kirista da waɗanda ba Kirista ba. Bayan sujada su biyun su tsaya a ɗauki hoto da duk mai so. A shekarar 2000 ya raba gari da babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu, wadda ya tashi a cikinta, saboda matsayinta na cewa mace ta yi wa miji biyayya a komai kuma ba za ta zama fasto ba. Kiristoci da yawa, har a Najeriya, ba su yarda da fahimtarsa a nan ba. Ko ma dai mene ne, mai wannan magana shi ne mutumin da ya ɗauko matarsa daga New York ba shawara shekara 47 kafin nan.

Mu a nan ba ta siyasar Amurka muka fi saninsu ba. Sun zo Legas a ƙarshen Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, amma abin da ya shiga ƙauyukanmu shi ne yaƙi da kurkunu. Wanda ya tashi a karkara kafin shekarun 1990 ya san shi. Ka sha ruwan tafki bana, sai baɗi ƙafa ta yi ƙurji mai zafi kamar wuta, farin zare ya leƙo. A naɗe shi a tsinke, kullum a ja kaɗan, in an yi gaggawa ya tsinke ƙafa ta rube. Tsawonsa kan kai mita ɗaya, fitarsa kan ɗauki makonni, kuma ya fi fitowa da damina, daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Cibiyar Carter, wadda mata da mijin suka kafa tare a Atlanta a 1982, ta ɗauki wannan yaƙi a 1986, lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21. Ƙidayar farko a Najeriya, a 1988 zuwa 1989, ta gano sama da mutum 650,000. Ba allura, ba ƙwaya. Ƙyallen tace ruwa ne, da maganin da ake zubawa a tafki, da rijiyar burtsatse, da 'yan sa-kai na ƙauye masu hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwan sha. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, ya riƙa bin ƙauyuka da gidajen gwamnoni. A Sudan, a 1995, Carter ya shawo kan gwamnatin Khartoum da 'yan tawayen kudu suka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su shiga. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana ta biyo baya a 2015. Cibiyar ba ta bishara ba ce, ba a tambayi kowa addininsa kafin a miƙa masa matata ba, kuma yawancin waɗanda suka amfana a arewa Musulmi ne. Daga ofishinta na Jos ta kuma yi aiki a kan makantar kogi da tundurmi da tsargiya a Filato da Nasarawa.

Haka kuma tun 1984 suke ware mako guda kusan duk shekara su ɗauki guduma su taya talakawa gina gida tare da ƙungiyar Habitat for Humanity. A Oktoban 2019 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, washegari aka gan shi a wurin gini a Nashville da baƙin ido, tana gefensa. Kyautar Nobel ta zaman lafiya ta zo a 2002. Bai shiga hukumar gudanarwar manyan kamfanoni ba, kuma a 2018 an ƙiyasta gidansu a kan dala 167,000, ƙasa da kuɗin motar sulke ta masu gadinsa da ke fake a waje.

A Agustan 2015 aka gano sankara a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Ya gaya wa 'yan jarida hankalinsa kwance yake, ya kuma ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Lahadin da ta biyo baya yana gaban ajinsa. A Disambar shekarar jikansu ɗan shekara 28 ya rasu ba zato, bayan 'yan sa'o'i ya shigo coci a makare, ya sanar da jama'a, ya koyar da darasin ranar.

Rosalynn ta daɗe tana faɗin cewa mutane iri huɗu ne a duniya: waɗanda suka yi jinyar wani, da masu yi yanzu, da waɗanda za su yi, da waɗanda za a yi jinyarsu. Tun 1987 ta kafa cibiya don masu jinya a tsohuwar kwalejinta. Ita da ta fara jinya tana da shekara 13, a Mayun 2023 iyalinta suka sanar tana fama da cutar mantuwa. Shi yana kwance tun Fabrairu, kowa na jiran labarinsa, sai ita ta riga shi, ranar 19 ga Nuwamba, tana da shekara 96. A sanarwar da ya fitar ya ce abokiyar tarayyarsa ce daidai wa daida a duk abin da ya cimma.

Ya ƙara wata 13, ya cika shekara 100, ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024. Kurkunu bai riga shi ba: a shekarar an samu mutum 15 da suka kamu, a Chadi da Sudan ta Kudu. Bayan sujadar ƙasa a Washington ranar 9 ga Janairu 2025, aka dawo da gawarsa Plains da yamma, aka yi masa addu'a a Maranatha a ƙarƙashin gicciyen da ya sassaƙa, aka binne shi kusa da ita a harabar gidansu, gefen wani ɗan tafki da ake hangowa daga barandar gidan.